Yaya ake bambance horo da cin zarafin yaro, da kuma talauci da sakaci?

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan al'amari, domin kusan mako uku ke nan yana hana ni barci. Ni malamar firamare ce, kuma a ajina akwai wani yaro ɗan shekara bakwai wanda a farkon shekarar karatu yana cikin masu surutu da yawan tambaya, amma tun da aka dawo daga hutu ya zama kamar an musanya shi da wani. Ba ya shiga wasa, yana yawan gyangyaɗi, kuma idan an tashi shi ne na ƙarshen fita, yana ta jan jiki wajen haɗa littattafansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne ranar da na miƙa hannu zan gyara masa riƙon fensir. Kafin hannuna ya kai gare shi, sai ya runtse ido ya kare kansa da hannu biyu, alhali ban taɓa dukansa ba, ko tsawa ban taɓa daka masa ba. Bayan kwana biyu, da ya sunkuya zai ɗaura takalmi, na hango shati uku a bayan cinyarsa, kowanne a lanƙwashe. Da na tambaye shi, sai ya ce faɗuwa ya yi, ya faɗa da sauri, idonsa a ƙasa.

Ina tsakanin tsoro biyu. Ina tsoron in yi shiru alhali yaron yana cikin azaba, ina kuma tsoron in ɗora wa iyayensa laifin da ba su yi ba, tun da an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na taɓa haɗuwa da mahaifiyarsa, mace ce mai ladabi, kuma a bayyane yake cewa suna cikin rashi. Yaron yakan zo da yunwa, kayansa kuma ba kullum suke da tsabta ba. To, a ina horo ya tsaya cin zarafi ya fara? Yaya zan gane ko rashin kula ne ko kuwa rashin hali ne kawai? Kuma idan zan yi magana, da wa ya kamata in fara?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Na shafe shekaru ina aiki a ɗakin yara, kuma abin da aka fara koya mana game da irin wannan shi ne mu auna rauni da labarin da aka kawo shi da shi, mu ga ko sun dace da juna. Yaro mai ƙiriniya ba ya rabuwa da ƙujewa da tabo, amma faɗuwa tana da wuraren da take sauka: goshi, haɓa, gwiwa, gwiwar hannu da ƙwauri, wato inda ƙashi yake kusa da fata. Bayan cinya, mazaunai, gadon baya, ciki, wuya da kunne wurare ne da ƙasa ba ta cika samu ba. Sannan ƙasa ba ta barin zane. Idan kika ga shati mai siffar wani abu, kamar layi biyu a jere irin wanda sanda ke bari, ko sawun yatsu a dantse ko a kumatu, ko lanƙwasa irin wadda kika kwatanta, wadda galibi wayar lantarki ko igiyar da aka ninka biyu ke bari, to abin da ya taɓa jikin ne ya bar hotonsa. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma shati uku masu lanƙwasa a bayan cinya ba su dace da faɗuwa ba.

Haka ƙuna take. Yaron da ruwan zafi ya zubo masa bisa tsautsayi yana zabura, saboda haka ƙunar takan fito a warwatse, da alamun fantsama. Wanda aka tsoma hannunsa ko ƙafarsa aka riƙe kuwa, ƙunarsa takan tsaya a kan layi madaidaici kamar an sa masa safa. Muna kuma lura da labarin da yake canzawa daga bakin wannan zuwa bakin wancan, da raunin da aka bari ya kwana biyu kafin a nemi magani, da raunuka da yawa waɗanda wasu sun warke wasu sababbi ne.

Ga sauran masu karatu, bari in tsaya a kan jarirai, domin su ba su da bakin faɗa. Jaririn da bai fara rarrafe ba ba shi da hanyar da zai buge kansa, don haka ko kwanciyar jini guda aka gani a jikinsa, ya kamata likita ya duba shi. Kukan jariri yakan kai ƙololuwa wajen mako shida zuwa takwas da haihuwa, kuma a wannan lokaci ne mai renon da gajiya ta ci ƙarfinsa yakan ɗauke shi ya jijjiga da ƙarfi don ya yi shiru. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba shi da ƙwari, sai jijiyoyin jini su tsinke a cikin kai, abin ya kai ga makanta, ko farfaɗiya, ko mutuwa, sau da yawa ba tare da wani tabo a waje ba. Su kansu likitoci sun daɗe ba su iya furta wannan ba. A 1946 wani likitan hoton ƙashi a Amurka, John Caffey, ya bayyana jarirai shida masu taruwar jini a cikin kai tare da karaya a dogayen ƙasusuwa, amma sai a 1962 maganar ta samu karɓuwa sosai, lokacin da Henry Kempe da abokan aikinsa suka fito fili suka rubuta cewa irin waɗannan raunuka daga hannun masu riƙon yaran suke fitowa. Idan masana sun yi shekara 16 suna nauyin baki, ba abin mamaki ba ne zuciyarki ta riƙa nema wa abin da kika gani wata fassara.

Tsoronki na biyu ma yana da tushe. Akwai tabon haihuwa mai duhu-duhu a ƙugu da mazaunai, wanda ya yawaita a jarirai masu duhun fata, kuma an sha ɗaukarsa kwanciyar jini. Akwai ciwon rashin daskarewar jini, akwai kuma ciwon gautsin ƙashi, wanda mai shi yake karyewa da ɗan abu kaɗan. Launin rauni ma ba ya nuna ranar da aka ji shi. Shi ya sa tantancewa aikin likita ne. Kada ki tuɓe yaron don ki bincika, ki tsaya a kan abin da idonki ya gani.

Baban Yara Shida ya amsa:

Malama, Allah Ya saka miki da alheri da kika damu da ɗan wani. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, uba ne kawai, kuma zan faɗi abin da na san da yawa suna riƙe da shi a zuci. Mun tashi ana dukanmu, kuma an rene mu a kan cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na son a wayi gari duk uban da ya tsawata wa ɗansa a riƙa kallonsa azzalumi, musamman talaka, wanda shi ne kullum aka fi saurin shiga gidansa. Yaron da ya zo makaranta da yunwa, mai yiwuwa uwarsa ta fi shi jin yunwar. Ina roƙon a yi hattara da mutuncin mutane.

Duk da haka, ba zan ɓoye abin da na gani a kaina ba. Akwai ranar da kuɗi suka ɓata a aljihuna, na tsare babban ɗana, yana ɗan shekara tara a lokacin, na zare bel na dake shi har hannuna ya gaji, yana rantsuwa ina ƙarawa. Da daddare na sami kuɗin a cikin wata rigar. Na je inda yake kwance na tarar ya kwanta rubda ciki saboda bayansa ba ya taɓuwa, da ya ji motsina kuma sai ya yi lamo kamar mai barci, amma ina ganin kafaɗarsa tana rawa. A daren nan na gane cewa abin da na yi ba tarbiyya ba ce. Fushina na sauke a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma an yi shekaru ba ya kawo mini damuwarsa, sai dai in ji ta bakin mahaifiyarsa. Tun daga ranar na sa wa kaina ƙa'ida cewa ba na taɓa yaro ina cikin fushi, kuma da na riƙe wannan sai na lura cewa idan fushin ya huce, da wuya in ga dalilin dukan. Saboda haka ban ce ki yi shiru ba, Malama. Yaron da yake kare kansa daga hannun da ba a ɗaga don duka ba, na san abin da ya koya masa hakan.

Jami'in Kula da Walwalar Yara ya amsa:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Maganarka a kan talaka gaskiya ce, kuma daga nan zan fara, domin a nan ne aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Talauci ba sakaci ba ne. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce: da abin da yake hannun iyayen nan, me suke yi wa yaron? Uwar da ba ta da shi takan nuna damuwa, takan nemi taimako, kuma idan aka miƙa mata tana karɓa, sannan rashin yakan shafi kowa a gidan. Sakaci kuwa shi ne a bar yaro da ciwo yana ruɓewa alhali magani yana kusa kuma an nuna hanya, ko a bar ɗan ƙaramin yaro shi kaɗai sa'o'i masu yawa, ko a ware yaro guda a hana shi abin da ake ba 'yan'uwansa. Ana samun wannan a gidan masu hali kamar yadda ake samu a gidan marasa shi. Yaro kuma yana buƙatar fiye da ci da sutura. Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana, har wasu sun daina kuka domin kukan ba ya kawo kowa. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a shekarar 2000 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su kai kimanin shekara biyu sun fi waɗanda aka bari a can ci gaban ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cin zarafin yara gida huɗu: na jiki, na lalata, na zuci, da sakaci, kuma a aikace da wuya a sami ɗaya shi kaɗai. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 19 ya ɗora wa gwamnatoci kare shi daga kowane irin cutarwa ko da a hannun iyayensa yake. Game da duka, dokoki sun bambanta. Suwidin ce ta fara haramta shi gaba ɗaya a 1979, yanzu ƙasashe fiye da 60 sun bi sahu, wasu kuma har yanzu sun bar wa iyaye damar horo. Amma horon da ya bar shati, ko ya fasa fata, ko ya sa yaro yana tsoron komawa gida, ya wuce abin da za a kira gyara. Abin kuma ya yawaita fiye da yadda ake zato: a 2024 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 400 'yan ƙasa da shekara biyar, wato shida cikin goma, suna shan duka ko muzantawa a gida a kai a kai.

Malama, ga abin da zan ce miki kai tsaye. Ba a neman ki tabbatar da laifi kafin ki yi magana. Abin da ake nema daga gare ki shi ne damuwa mai dalili, kuma kina da ita: sauyin hali, firgita, rashin son tafiya gida, da raunin da bai dace da labarinsa ba. Alama guda ba ta isa hujja ba, domin mutuwa a gida ko rabuwar iyaye ma kan sa yaro ya yi shiru ko ya koma fitsarin kwance, amma idan alamu suka taru suka daɗe, ba a jira. Ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, da kalmomin yaron kamar yadda ya faɗe su, ba tare da fassararki ba. Ki kai wa shugabar makaranta ko wanda aka ɗora wa kula da lafiyar ɗalibai, daga nan a sanar da hukumar kula da yara ta inda kuke. A ƙasashe da dama doka ta wajabta wa malamai da ma'aikatan lafiya yin hakan. Kada ki tunkari gidan da kanki tukuna, domin ba ki san wane ne mai dukan ba, kuma sau da yawa yaron ne yake biyan kuɗin tonon asirin a daren ranar. Mai yiwuwa ita ma uwar da kika gani tana cikin abin da yake ciki.

Idan ya buɗe baki, ki riƙe fuskarki, domin yaro yana karanta fuska, kuma da ya ga kin razana zai janye maganarsa. Ki ce masa, "Gaya mini abin da ya faru," ki bar shi ya yi magana. Kada ki sa masa suna a baki da tambaya irin ta "Babanka ne ko?", kada ki ce "Me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?" Ki gaya masa cewa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ki yi masa alkawarin rufe sirri, domin alkawari ne da ba za ki iya cikawa ba. Ki ce masa za ki gaya wa wanda zai taimaka kawai.

Ba ki ambaci lalata ba, amma dole in taɓa ta, domin ita ce aka fi rufewa. Mafi yawan masu yin ta mutanen da yaron ya sani ne kuma gida ya yarda da su. Sukan fara da kyauta da fifita yaro guda, da neman keɓewa da shi, da koya masa cewa akwai sirri a tsakaninsu, yanzu kuma har ta waya da intanet. Alamunta sun haɗa da sanin al'amuran manya da ya wuce shekarun yaro, da ƙin zuwa wurin wani mutum ba tare da dalili ba, da ciwo wajen zama ko tafiya. Sau da yawa gwajin likita ba ya nuna komai, kuma hakan ba ya nufin yaron ƙarya yake yi. Idan abin sabo ne a garzaya asibiti, domin maganin kariya daga ƙwayar HIV sai an fara shi cikin sa'o'i 72.

Wata 'Yar'uwa ta amsa:

Na daɗe ina karantawa kafin in iya rubutu. Ni an yi mini, kuma abin da nake so Malama ta sani shi ne "faɗuwa na yi" ita ce amsar da ni ma na riƙa bayarwa. Ba don ban yarda da mai tambayar ba, sai don an gaya mini abin da zai same ni idan na faɗa, kuma don ina ƙaunar wadda take dukan nawa. Wannan ne mutane ba sa ganewa. Yaro yana iya manne wa wanda yake cutar da shi, har ya yi kuka idan za a raba su.

Shatin jikina ya ɓace tun tuni. Abin da ya zauna shi ne maganganu: cewa ni ba ni da amfani, cewa da ban zo duniya ba da an huta. Ana faɗa mini haka a gaban baƙi ana dariya. Ban zama fitinanniya ba, sai na zama yarinyar da kowa yake yabo, mai shiru, mai saurin aiki, wadda take gane yanayin babba daga ƙarar takunsa. Don Allah malamai su riƙa duban irin waɗannan yara ma, domin ladabin da ya yi yawa wani lokaci tsoro ne. Da na girma na karanta labarin binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafawa a Amurka a 1998, wanda ya shafi manya fiye da 17,000, inda aka ga cewa gwargwadon yawan wahalhalun ƙuruciya, gwargwadon ƙaruwar hatsarin ciwon damuwa, da shaye-shaye, har da ciwon zuciya. Na yi kuka a ranar, domin na daɗe ina zaton lalacewar daga gare ni take.

Wadda ta cece ni malama ce. Ta tambaye ni sau ɗaya na musa, ba ta matsa ba. Sai ta ba ni aikin jera littattafai bayan an tashi, tana zaune tana duba takardu, ba ta cewa komai. Wata rana ina jerawa ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Duk ranar da kike son magana, ina nan." Sai da aka yi wata biyu sannan na faɗa mata, ina fuskantar bango. Malama, ko da an kai rahoto, kada ki daina zama wurin da yaron nan zai iya zuwa.

Malamar Aji Biyu ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baba, labarinka ya sa na daina kallon gidan yaron a matsayin gidan abokan gaba. 'Yar'uwa, Allah Ya sanyaya miki zuciya, na karanta saƙonki sau uku.

Na rubuta duk abin da na gani da ranakunsa, na kai wa shugabar makarantarmu. Da farko ta yi jim, ta ce kada mu shiga sharo ba shanu, amma da ta karanta takardar ta kira malamin da ya koyar da shi bara, shi ma ya ce ya taɓa ganin kumburi a kunnen yaron bai kawo komai a ransa ba. A ranar ta sanar da jami'an kula da yara, kuma sun ce za su sa likita ya duba shi, su kuma gana da mahaifiyar ita kaɗai kafin kowa. Sun umarce ni da kada in ƙara yi masa tambaya a kan raunin, kuma na kiyaye.

Na ba shi aikin share allo bayan an tashi. Jiya ya gama ya tsaya riƙe da abin sharewar, ya tambaye ni ko gobe ma shi zai share. Na ce masa shi ne, har ƙarshen zango. Jami'an za su zo ranar Litinin da safe, kuma shugabar ta ce in kasance a kusa idan ya nemi in zauna tare da shi.